Ƙeyar Marigayi Stan

A Toledo, a wani shago da mahauci ya tashi ya bari, Bernadette Wojtaszek ta fara haɗa tagogin gilashi masu launi. Yankan gilashi ta iya, haɗa shi da dalma ma ta iya. Tanda ce ba ta da ita. A wannan sana'a kuwa, fuska da fenti ake zana ta a jikin gilashi, sannan a gasa a tanda. In ba a gasa ba, damina ɗaya ta isa ta wanke hanci.

Da yake ba tanda ba fuska, sai Bernadette ta sa mutanenta duk suka juya baya. Cocin da ya fara ba ta aiki ya samu waliyyi yana kallon dutse, ƙeyarsa ga masu ibada. Fadan cocin ya daɗe yana dubawa, can ya ce ai jagora dama gaba yake kallo.

Daga nan matan da mazansu suka rasu suka gano hanyar shagon. Kowacce ta dubi ɗan guntun gilashi ruwan ƙasa da kunnuwa biyu, sai ta share hawaye ta ce shi ne sak. Ciniki ya yi ta tafiya. Bernadette ce kaɗai abin yake ci wa rai, don tana ganin mai sana'ar kirki ba a san shi da ƙeya ba.

Ta je bankin unguwa neman rancen sayen tanda. Mai ba da rancen, Duane Fenske, ajinsu ɗaya tun firamare.

"Haba Bernie," in ji shi, "kina sayar wa mutane ƙeya suna biya har da godiya. Ki bar kaza cikin gashinta mana."

"Kai Duane, kai da fuskarka da ƙeyarka ba a bambancewa, me ka sani?"

Ya ba ta. Jingina kuwa motar da take ɗaukar tagogi, wadda in babu ita sai dai a rufe shago.

Aikin da zai fitar da biyan farko na wata tsohuwa ne, Misis Drabik, mai son a sa marigayi mijinta Stan a tagar matakalar gidanta. Bernadette ta karɓi hotonsa, ta zauna ta zuba basira. Gashin baki, tabon haɓa, har ɗan lumshewar idon hagu, duk suka fito daga tanda lafiya.

Misis Drabik ta zo, ta gyara tabarau.

"Wannan kuma wane ne?"

"Stan ne, Mama."

"Stan? Me yake kallona haka, kamar wanda ya fasa min kwano? Shekara da shekaru muna tare bai taɓa zuba min ido irin wannan ba. 'Yar nan, ba zan hau matakala da baƙo yana leƙena ba. Ki riƙe abinki."

Bernadette ta leƙa waje, ga motarta a bakin titi. Sake yanka jikin gaba ɗaya don ya juya baya ba zai yiwu kafin ranar biya ba. Ta ce wa tsohuwa ta zauna ta sha kofi. Ta kwance dalmar wuya, ta zare fuskar, ta cusa gilashi ruwan ƙasa a gurbinta.

Sai ga Stan tsaye, ƙirji da maɓallan riga da tumbi duk suna kallon gaba, kai kuma ya juya baya sarai.

Misis Drabik ta ajiye kofi. Ta ƙura wa gilashin ido har Bernadette ta fara tunanin nawa kuɗin bas yake yanzu.

"Yawwa," in ji tsohuwa. "Haka yake yi in ina masa magana ana ƙwallo a talabijin."

Ta biya nan take, ta kuma ce ƙanwarta ma za ta zo, nata mijin haka yake.

Mota ta tsira. Tanda tana nan a kusurwa a kashe, Bernadette na biyan kuɗinta wata-wata. In an tambaye ta yaya sabuwar tanda, sai ta ce babu laifi, ba ta cin wuta.