Ɗakin Addu'ar da Kakana Ya Gina

Shekaranjiya maƙwabtanmu suka jiƙa ƙasa za su gyara katangarsu da ta tsage. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake sai iska ta kawo mini ƙanshin, irin na jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana. Na ajiye faifan a cinya, na daɗe ban motsa ba. In a cikin siminti ka tashi, wataƙila wari za ka kira shi. Ni kuwa ya mai da ni shekarar da nake ƴar shekara tara, a wani ƙauye da ke kan hanyar Ɗan Barto, tafiyar hantsi daga Matameye.

Babana mai bishara ne. Ba a cikin wannan hanya aka haife shi ba. Shi ne ɗan farin wani magini da aka sani a ƙasar Dungu, Musulmi mai riƙo da sallarsa. Yana saurayi, bai gama koyon sana'ar gidansu ba, wani gyambo ya kama shi a ƙafa ya ƙi jin magani, har aka kai shi wurin wasu Turawa masu asibiti can nesa. Ya yi wata bakwai a hannunsu. Ya dawo ƙafa ta warke, kuma ya dawo Kirista. Kakana bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Ya dai daina kiransa wurin aiki, ya daina cin abinci tare da shi. Da Baba ya ga haka sai ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, can ya sadu da Inna suka yi aure, can aka haife ni da ƙannena biyu. Daga baya waɗanda suka koyar da shi suka aiko mu wannan ƙauye domin a kafa majami'a.

Kada ka ɗauka wani babban taro ne. Ranar Lahadi a gindin tsamiya muke zama a kan tabarmi biyu. Akwai mu biyar, da wata tsohuwa da kuturta ta cinye mata yatsu kafin ta sami magani, da wani mai haƙar rijiya da matarsa, da wani tsohon soja wanda ba ya iya waƙa amma ya fi kowa ɗaga murya. Sau ɗaya a wata wata Baturiya takan zo da akwatin magani. Daga ƙetaren teku ta fito, ta baro tsohuwar uwarta a can, kuma in ta sami wasiƙar gida takan shiga ɗakin Inna ta karanta, ta fito ido ja ta ci gaba da wanke wa yara ido. Mutanen ƙauyen ba su tsane mu ba. Ana gaisawa, ana sayen ƙuli-ƙulin Inna, in an yi haihuwa ana aiko mana da namu. Amma a bakin kowa mu baƙi ne, masu addinin gindin itace, waɗanda za su naɗe tabarmarsu wata rana su ƙara gaba.

Shekara biyu Baba yana zuwa gaishe da mai gari kafin aka ba shi fili, wani gefen gona a bayan gari. Sharaɗi ɗaya aka sa. In ruwan farko ya sauka ɗakin yana tsaye da rufinsa, filin ya zama namu. In bai tsaya ba, mai gona zai shuka geronsa, maganar ta ƙare.

Muka fara da rani. Rijiyar ƙauyen tana da zurfi, kuma sai mata sun gama ɗiban na sha kafin Inna ta ja na gini. Na ga tafin hannunta ya fashe saboda igiyar guga, ta ɗaure shi da tsumma ta koma. Ni da ƙannena aikinmu taka ƙasa. Baba da mai haƙar rijiya suna dunƙula tubali suna jerawa. Bango ya kai ƙirjin mutum, muka tashi wata safiya muka tarar gefe guda ya kwanta. Aka sake. Na biyun ya wuce kan Baba, har tsohon sojan ya fara zancen ƙofa, sai shi ma ya tsage daga sama har ƙasa ya zube. Ba wanda ya yi mana dariya a fuska, amma in na je rijiya sai in ji hira ta tsaya.

A makon nan takarda ta zo daga manyan Baba da suka aiko mu. Sun ce in abin ya gagara ba laifi, ya dawo ya koyar a makaranta. Ya karanta wa Inna da rana a inuwar rumbu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Tsohuwar nan fa, a gindin wace tsamiya za mu bar ta?" Baba ya ninke takardar ya sa cikin Littafinsa. Amma zafi ya riga ya fara, sauran kwanaki ba su da yawa, kuma na lura ya rage cin abinci.

Ranar kasuwar Matameye na raka Inna da ƙwaryar ƙuli-ƙuli a kaina. Muna wucewa ta wurin masu sai da igiya sai ta tsaya cak. Wani dogon tsoho ne a tsaye, da gemu fari fat, yana jan igiya yana gwada ƙarfinta. Inna ta sauke kayanta ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Ina gajiya."

Ya amsa a gajarce, bai dube ta ba. Ni ya duba. Inna ta ce mini a hankali, "Ki gai da kakanki." Ranar na fara ganinsa.

Idonsa ya sauka a ƙafafuna, da suka yi kaushi suka faffashe. Ya sunkuya ya ɓanɓaro busasshiyar ƙasa daga bakin zanena, ya murza ta tsakanin yatsu biyu, ta zube kamar gari.

"Amarya," ya ce, don haka kakanni ke tsokanar jikokinsu mata, "wa ya sa ki taka wannan?"

Ban san ana ɓoye komai ba, sai na zayyana masa duka: filin, sharaɗin mai gari, faɗuwa ta farko da ta biyu. Ya tambaye ni inda muke ɗibar ƙasar, da kwana nawa muke barin ta bayan an kwaɓa. Na ce ba ma barin ta, nan take ake aiki da ita. Ya saya mini rake gaɓa uku, ya juya ya tafi.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, sai ga shi a kan jaki da buta da buzun sallarsa. Bai shiga gidanmu ba, filin ya nufa. Baba ya taho da sauri ya durƙusa. Kakana ya zagaya abin da ya rage na bangon, ya sa ƙafa ya tura, ya faɗi ba gardama. Sai ya dube ni.

"Gaya wa mutumin nan ya kwashe wannan rairayi ya mayar inda ya ɗebo shi."

Baba yana durƙushe a gabansa, ko taku uku babu tsakaninsu. Na juya na faɗa masa, ya ce to. Haka aka yi ta yi har mako biyar. Ka san a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya sakin jiki da shi a gaban mutane, don haka ba wanda zai iya rabe maka inda kunya ta tsaya da inda fushi ya fara. Ina jin kakana kansa ya ji daɗin wannan mafaka.

Shi ya gano mana ƙasa mai danƙo a wani tsohon kududdufi da ya ƙafe. Ya sa aka kwaɓa ta da ciyawa aka rufe, kullum a yayyafa ruwa a sake takawa, har ta yi laushi ta canja ƙanshi. Tubali sai ya bushe sarai kafin ya taɓa shi. In ya ɗora jeri kaɗan sai ya sauko ya ce a bari ya sha rana, ko da Baba yana ta duban gabas. Yana zaune a kan bango kamar mai hawan doki, ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa da hannu ɗaya, tsoho mai shekara wajen saba'in.

Da azahar in an huta yakan ba ni labari. Ya ce yana kamar shekaruna, tun Nasara bai shigo ƙasar ba, ubansa ya tafi da shi Damagaram gyaran ganuwa. Ya ce yara sun fi ɗari a ramin ƙasa guda suna takawa ana yi musu kiɗa, ga ayarin raƙuma suna shigowa daga arewa, kuma kaurin bangon ya isa mutum ya kwanta a kansa ya yi barci. A can ubansa ya mare shi sau ɗaya, don ya ɗora ɗanyen tubali. Yana ba ni labarin da murya sama-sama, Baba kuwa yana nesa kaɗan yana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara.

Lokacin salla Inna takan cika wa kakana buta ta share masa wuri mai tsabta. Baba ya hana kowa motsi har ya sallame. Ko tsohon sojan ya koyi yin shiru.

Wata rana wani malami na ƙauyen, mutum mai natsuwa, ya zo ya tsaya a gindin bangon suka gaisa. Ya ce, "Baba, mutane suna magana. Suna cewa yaya mai salla zai gina wa Kirista wurin ibada."

Kakana bai daina aiki ba. Ya ce, "Malam, addininsa yana tsakaninsa da Allah, ban sa masa hannu a ciki ba. Amma yarinyar nan a ƙarƙashin rufin nan za ta zauna. Kuma ba za a ce ginin ɗan gidana ya faɗi sau uku ina da rai ba."

Malamin ya jinjina kai ya tafi. Ni dai abin da na riƙe shi ne ya ce ɗan gidana, kuma na ga Baba ya ji.

Kafin a kai ga rufi hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Mai gona ya zo sau biyu ya tsaya daga nesa da irinsa a ƙwarya. An samo azara, wato itacen giginya da ake shimfiɗawa a ɗora ƙasa a kai, amma ɗaga ta da jera ta ba aikin mutum huɗu ba ne. Kakana ya sa rigarsa ya tafi ƙofar mai gari. Ban san abin da ya faɗa ba. Washegari maza sun fi ashirin a filin, har da ƴaƴan malamin nan. Ba don mu suka zo ba, don girman tsohon suka zo, amma da hannunsu aka yi wa ɗakin rufi, kuma tuwon Inna suka ci a ranar. Daga nan ba su ƙara kiranmu baƙi ba.

Kwana uku bayan an gama yaɓe, da la'asar, ruwan ya zo da iska mai ƙarfi. Muka ruga cikin ɗakin, mu da tsohuwa da sauran. Kowa ya ɗaga kai yana duban rufi. Ko ɗigo babu. Tsohuwar ta fara waƙar godiya a hankali, Inna ta kama mata.

Kakana bai shigo ba. Yana waje cikin ruwa yana zagaya ɗakin, yana duba yadda indararo ke zubarwa, yana shafa bango da tafin hannu. Baba ya ɗauki tabarma ya fita ya riƙe masa a ka. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a ce in gaya wa mutumin nan wani abu. Sai na ji kakana ya ce, kai tsaye, "Kowace shekara kafin damina ka yi masa yaɓe. Kada ka jira ya tsage. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Suka tsaya a haka su biyu har ruwan ya tsagaita.

Ranar Lahadi ta farko yana nan, amma a waje ya zauna a kan buzunsa da carbi a hannu har muka tashi. Da yamma ya ci abinci kwano ɗaya da Baba, washegari ya hau jakinsa. Bayan haka yakan zo duk kaka, ya zagaya ɗakin, ya kwana biyu. Bai taɓa sa ƙafa a ciki ba tun ranar da aka fara addu'a. Da ya rasu, Musulmi kamar yadda ya rayu, ƙannen Baba suka aiko a kira shi. Ya tsaya a baya lokacin da ake salla, amma da aka zo ɗaukar makara sai suka matsa suka ba shi gefe guda.

Yanzu majami'ar ta siminti ce da rufin kwano, ga lasifika, ga benci. Masu zuwa sun yi yawa har ban san wasu ba. Ɗana na biyu yana aikin bishara a wata ƙasa a ƙetaren teku, yana kira na ta waya ina ganin fuskarsa, sai in tuna Baturiyar nan da wasiƙunta, in gane abin da uwarta ta ɗauka. Tsohon ɗakin ya zama ajin yara, kuma samarin yanzu sai an nemo musu wanda ya iya yaɓe daga wani ƙauye.

Bara sabon fastonmu, yaro mai ladabi, ya zo da littafi ya ce yana so ya rubuta waɗanda suka kafa wurin, tunda ni kaɗai na rage. Na lissafa masa Baba da Inna, da tsohuwa, da mai haƙar rijiya da matarsa, da soja. Sannan na ce ya sa kakana a sama. Ya ɗan tsaya da alƙalami, ya ce, "Mama, ai na ji an ce shi ba mai bi ba ne."

Na ce gaskiya ne, kuma kada ya rubuta abin da tsohon bai zama ba, don da yana raye ba zai yarda ba. Na ce ya rubuta sunansa, a gabansa ya sa magini. Ya rubuta, ya juyo mini littafin, na sa tabarau na duba da kaina.