Ranar da Kawu Ya Tuge Albasarsa

A shekarar da tafkin Kalmalo ya ja baya har ana takawa da ƙafa inda a da sai da jirgi, ina koyarwa a wata firamare a Illela. Kawuna, wanda ya riƙe ni, masunci ne. Da kifi ya yi wuya, sai ya dasa albasa a bakin ɗan ruwan da ya saura, kamar yadda kowa ya yi.

Wata Asabar na hau babur na je masa da albishir. Na ji a rediyo cewa ƙasashen duniya sun tashi daga taron sauyin yanayi, sun yarda za su tallafa wa wuraren da fari ya cutar.

Bai ɗago daga ban ruwa ba. "Bara mi sunka ce?"

"Kusan haka, Kawu."

"Bara waccan hwa?"

Sai ga shanu sun ɓullo ta wajen ƙauyen Lafani. Mai su wani dattijon makiyayi ne da suka daɗe suna gaisawa da Kawu. Tsohon burtalin da yake bi zuwa mashaya duk an shuke shi. Shanun sun rame, sun kuma shaƙi ƙamshin ruwa, da ƙyar yake tare su da sanda.

Manoma suka fara fitowa daga gonakin albasarsu, wasu da fartanya, ɗaya da adda. Ba mai gaida wani.

Na shiga tsakani. Na ce a yi haƙuri, taimako na nan tafe, wataƙila har rijiyoyi za a haƙa wa dabbobi.

Dattijon ya dube ni, ba faɗa a fuskarsa. "Malam, kwana biyu ba su sha ba. Wanga taimako zai iso kahin la'asar?"

Wani bijimi ya kutsa, ƙafarsa ta taɓa kunya ta farko. Mai adda ya matso.

"Tsaya nan," in ji Kawu, yana duban mai addar.

Ya duƙa ya fara tuge albasarsa, wadda saura 'yan makonni ta nuna, yana jifa da ita gefe. Kwami huɗu ya share, tun daga tudu har bakin ruwa. Ya sa ni na tsaya a wannan gefe, shi a wancan, shanun suka riƙa wucewa ta tsakaninmu ɗaya bayan ɗaya. Ina jin hucinsu a hannuna, ina addu'a kada ko ɗaya ta kauce zuwa gonar maƙwabci.

Ba ta kauce ba. Amma mai addar nan ya ce Kawu ya koya wa shanu hanya, ya daina yi masa magana har bayan babbar salla. Makiyayin kuwa da rani ya tsananta ya haura Nijar da garkensa, ban sake ganinsa a Kalmalo ba.