Tela Ba-Ni-Ba-Ne da Keken Babansa

A danginmu babu mai kiran ɗan kawu da sunansa na yanka. Ba-Ni-Ba-Ne muke ce masa, yana kuma amsawa. Tun yana rarrafe ya soma: ya jiƙa tabarma, ya nuna akuya. Da ya girma ya zama tela sai abin ya ƙazanta. Mayar masa da rigar da ya ɗinka jiya, hannun dama ya kai gwiwa, na hagu ya tsaya a hammata, sai ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mushen ɓera ya ce, "Wane marar imani ya yi maka wannan?"

Keken ɗinkin shagon na kawu ne, wato babansa. Tsohon keke ne mai taurin kai, ba ya jin maganar kowa sai mai shi. Duk Talata kawu kan zo da 'yar kwalbar mai, ya taka keken, ya kasa kunne, ya ɗan murɗa wani noti, shi ke nan an yi sulhu na mako guda. Ba-Ni-Ba-Ne bai taɓa tsayawa ya koya ba. Wai mai yana ɓata masa farce.

Wata Talata shugabar wata makaranta ta kawo yadin kayan yara ɗari biyu, aikin da ya shekara yana mafarki. Yana cikin zuba mata ƙarya wai a babban kamfani ya koyi ɗinki, sai ga kawu, riga duk tabon mai, silifa ɗaya ɗaure da waya.

"Matsa in ga keken," in ji kawu.

Shugaba ta dubi wannan, ta dubi wancan. Hancin gidanmu kuwa shi ke fara yin sallama kafin mai shi ya iso, ga shi nan iri ɗaya a fuskar su biyun. Ta ce, "Mahaifinka ne?"

"Wa? Haba, Hajiya! Wani tsoho ne mai gyara, taimaka masa nake saboda Allah. Ban san ma inda yake kwana ba."

Tir! Kawu ya mayar da kwalbarsa aljihu ya fita.

Keke ya yi zuciya. Zare ya tsinke, allura ta tsallake, ɗinki ya riƙa tafiya kamar mashayi. Masu gyara uku suka zo suka tafi. Shugaba ta ce kwana biyu ta ba shi, in ba haka ba ta kwashe yadinta.

Ya lallaɓa gida, ya tarar da kawu a tsakar gida, inna, wato mahaifiyarsa, na wanki. Ya durƙusa har hancinsa na share ƙasa.

"Baba, keken nan ya ƙi."

Kawu ya juya wajen inna. "Wannan bawan Allah, wa yake nema?"

"Ɗanka ne mana, Malam."

"Ni? Tsoho mai gyara? Ban san ma inda yake kwana ba."

Inna ta ci gaba da wankinta, ko ruwa ba ta ba shi ba.

Rana ta biyu shugaba ta dawo da wando guda, ɗinkin baya ya ɓarke daga ƙugu har ƙasa. Da idonta ta ga ya ɗinka shi. Amma kun san mutumin? Ya ɗaga wandon da yatsu biyu.

"Hajiya, wane marar imani..."

Ta fizge ta yaɓa masa a fuska, ta kira direbanta ya kwashe yadin tas.