Rigar Ƙarfe a Maƙerar Kakana

Duk ranar da na bi ta gaban masu walda a Birnin Kudu, ƙaurin ƙarfe mai zafi ya bugi hancina, sai in tsinci kaina a maƙerar kakana, can ƙauyenmu a ƙasar Gwaram.

Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba. A irin wannan lokaci manoma kan kawo garemaninsu gyara, a jingine su a bangon maƙera, kowace da alamar mai ita. Ƙanen babana ya dawo daga Kano da ƙusoshi a ƙunshe cikin wata yagaggiyar takarda mai launi. Da na warware ta, sai ga zanen mutum cikin rigar ƙarfe tun daga kai har tafin ƙafa, yana tashi sama, wuta na fita daga dugadugansa. Akwai rubutu a ƙasa, amma ba wanda ya iya karanta shi a gidanmu.

Na kai wa yara takardar a dandali. Ka san bakin yaro. Kafin in ankara na ce kakana zai iya ƙera irinta, har ma ya ce zai ƙera min. Babbanmu, wani dogo mai kaifin baki, ya ce idan ranar kasuwa ta zo babu riga, sunana ya koma Maƙaryaci. A ƙauye kuwa suna irin wannan har furfura yake raka mutum.

Kwana biyu ina ta jan zugazugi. A na uku na miƙa wa kaka takardar, na faɗa masa abin da na yi. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon zanen, yana nesanta shi da idonsa, sannan ya ce kafin a hura wa aiki wuta sai an san ƙarfen da zai ci.

Shi ba shi da sikeli, da ruwan garma, wato ƙarfenta, yake auna komai. Ya sa ƙanen babana ya tsaya ya ware hannuwa, ya riƙa kara masa garemanin mutane a jiki. Huɗu a ƙirji, huɗu a baya, kowace ƙafa shida, kowane hannu huɗu. Ƙugu ya ci huɗu, kai biyu. Duk wadda ya kara sai ya jefa a mangalar jaki, har talatin da huɗu. Ƙanen babana yana ta mita wai ƙarfen ya sha rana yana ƙona shi, kaka ya ce ai mai rigar da wuta a ƙafa yake yawo bai yi kuka ba.

Sai kaka ya tsaya. Ya ce ƙarfe ba ya tashi da kansa, dole akwai inji a ciki. Injin da ya sani kuwa ɗaya ne, na niƙa, wanda maza huɗu suka sauke daga mota. Ya ce a ƙara wannan a kai.

Ranar kasuwa da hantsi ya sa aka kira yaran. Mangalar na tsakiyar maƙera. Ya dubi dogon nan.

“Abokina bai yi ƙarya ba, zan ƙera. Ga ƙarfen rigar, ban da injin. Wanda ya ɗaga ya kai bakin ƙofa, da shi zan fara.”

Dogon ya sunkuya ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, mangalar ko gezau. Suka haɗu su uku, suka ja ta taku ɗaya. Aka yi dariya, kowa ya watse, sunan bai kama ni ba.

Da suka tafi kaka ya ce min, “Gobe idan za ka yi alkawari, yi da hannunka, ka bar nawa.” Ya sa na mayar da kowace garma wurinta, ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗata ta yi tsami.

Yanzu na haura hamsin, ina zuwa ajin manya da yamma. Da muka kai lissafin sau, na ɗauki garma na ɗora a sikelin wani mai hatsi, na zauna na ninka sau talatin da huɗu da fensirina, ba wanda ya taya ni. Na kai wa malaminmu, ya ce daidai ne. Ya duba waya ya ce har yau mutane na gardama a kan nauyin irin wannan riga.

Lissafina daidai, amma ba na kaka ba ne. Garmar da na auna ta yanzu ce, shafal, yaro ma ya ɗaga ta da hannu ɗaya. Na zaga ƙauyenmu neman irin tasa ko guda ɗaya in auna. Aka ce tuni masu jari-bola suka kwashe.