Ranar da Aka Ɗaure Sifirin da Igiyar Guga

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka kwance ƙafar motar ɗana a ƙofar gidanmu ba. Shekaru sun wuce, amma in na tuna sai zuciyata ta tafasa kamar yanzu abin ya faru.

Ɗan farina ne, wanda har yau bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Yana da wata tsohuwar mota da yake ɗaukar albasa da tumatir daga Watari zuwa kasuwar Ɗambatta, da ita yake ci da mu duka. Lodi da ramukan hanya suka gajiyar da ita har gabanta ya karkace. Aka ce masa shokozoba, abin da ke rage girgizar mota, ita ce ta mutu, ita da sifirin, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota. Ya sayo sababbi zai kai wa makanike, sai ƙanin mijina ya tsoma baki. Mutum ne da tun da na zo gidan ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Wai ya ga yadda ake yi a waya, kafin azahar sun gama.

Da hantsi na je jan ruwa, na tarar da guga a bakin rijiya babu igiya. Na yafa mayafi na leƙa waje. Ga mota an cire mata taya, an tokare ta da tubalin ƙasa. Ga maza sun danne sabon sifirin da katako, sun matse shi, sun ɗaɗɗaure da igiyata. Ɗana yana tsugune a kansa, hannunsa na dama a bakin ƙarfen, yana ƙoƙarin ɗaura noti.

"Ku kwance min igiyata," na ce. "Abin da ke ɗaukar mota da buhunan albasa, shi za ku riƙe da igiyar da rana ta gama cinyewa?"

Ƙanin mijina ya kwashe da dariya. "Matar Yaya, a ina kika koyi kanikanci? A gindin murhu?"

"Kai, ba wasa na fito yi da kai ba. Ka ce masa ya janye hannunsa."

"Jama'a ku ji! Yau an ajiye kunya, ana tsoron kada ɗan fari ya ƙwarzane!"

Mazan da ke zaune a gindin darbejiya suka ɗauki dariya, har da masu furfura. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. A wurinmu ƙanin miji abokin wasa ne, duk abin da ka faɗa masa sai a mayar da shi raha. Uwa kuwa in ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane, ita ce abin dariya. Ɗana ya sunkuyar da kai don kunya, ya ce, "Inna, ki koma ciki, yanzu za mu gama."

Ban koma ba. Na taka zan jawo wuyan rigarsa ke nan igiyar ta tsinke. Ƙarar kamar ta bindiga. Sifirin ya yi sama, ya lotsa kwanon zaure, ya faɗa can cikin gona. Masu dariya suka watse, wani har ya bar takalminsa. Ɗana yana birgima a ƙasa, yatsunsa sun juya baya, jini yana bin gwiwar hannunsa. Gwanin waya kuwa yana bayan bishiya, sai salati yake.

Motar da ake kai kowa asibiti a ƙauyen ita ce tsaye a kan tubali. Sai a babur aka ɗora shi, wani ya rungume shi ta baya. Na tare wani babur ɗin na hau. Wata maƙwabciya ta riƙo mayafina, wai, "Haba Inna, ke da ɗan fari? Ki bari iyayensa maza su je." Na fizge abina na ce, "Iyayensa mazan ne suka kai shi haka."

Allah ya taimaka ba a yanke hannun ba, amma yatsu biyu sun sandare har yau. Magidanci da 'ya'yansa, ba ya iya dunƙula lomar tuwo, sai da cokali.

Daga baya makanike ya zo daga Ɗambatta ya ƙarasa aikin. Ina zaure ina kallo. Ƙafafun ƙarfe ya kafa wa motar, ya kama sifirin da wasu maƙalai biyu na ƙarfe, yana ɗaure wannan kaɗan, ya koma wancan kaɗan, bai taɓa yarda fuskarsa ko hannunsa su yi saitin bakin sifirin ba.

Ƙanin mijina ya shigo yi min jaje, wai ƙaddara ce. Na ce, "Na yi imani da ƙaddara. Amma kai ka hana yaro zuwa gareji." Daga ranar na yanke wasa tsakanina da shi, gaisuwa kawai.

Abin da na koya shi ne, aikin da zai iya raba mutum da hannunsa a bar wa mai kayan yin sa, kome dariyar 'yan gindin bishiya. Kunya kuma tana da iyaka. Har gobe ba zan kira sunan ɗana ba, amma in na hango shi a bakin halaka, a gaban kowa zan damƙo shi. Wanda ya ga dama ya yi dariya.