Usur ɗin Ɗanjuma Ya Sake Ƙara a Sabo

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Ɗanjuma, alƙalin wasan ƙwallon kwando na unguwar Sabo a Ibadan. Duk shekara da kewa nake tuna shi, amma bana kam da murna na zo.

Tare muka taso muna bin shanu a Akinyele, kuma da yaren 'yan shanu ya koya wa samarinmu dokar wasa. A lokacin idan yaronmu ya cafe ƙwallo, rungume ta yake yi ya sheƙa a guje kamar ya ɗauko buhun albasa a kasuwar Shasha. Sai Ɗanjuma ya busa usur, ya kafa ƙafar hagu a ƙasa, ya riƙa zagayawa da ta dama. Ya ce ɗaya turke ce, ɗaya saniya. Saniya ta kewaya yadda take so, amma turke ba ya tashi sai ka saki ƙwallo ka fara buga ta a ƙasa. Idan kuwa ka ɗaga shi don jifa, kada ya sauka ƙwallo na hannunka.

Dokar layin tsakiya ma haka. Idan kun tsallaka da ƙwallo ɓangaren abokan hamayya, ba ku da ikon mayar da ita baya ku sake ɗauka. "Motar da ta wuce tashar Ojoo da kaya ba ta juyowa," in ji shi. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Ko ƙaninsa ya karya doka sai ya busa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da wasan yau, da ake ƙyale ɗan wasa ya ƙara taku yayin da yake tattara ƙwallo. Na san zai yi tsaki, sannan ya je ya koyi sabuwar dokar tun kafin kowa.

To, ranar Asabar da ta wuce 'yarsa Bilkisu, malamar motsa jiki, ta tsaya a filinsa da usur a baki. Dattawan ƙungiya, musamman shugabanmu Alhaji Garba, ba su so mace ta yi wa maza alƙalanci ba. Da ƙyar suka ba ta wasa ɗaya na gwaji: tsakanin Sabo da unguwar Mokola. Idan ta yi kuskure, shi ke nan, ta bar filin ubanta.

Kai, wasa ya yi wasa! Matan unguwa sun bar tukwanen awara suna leƙe ta katanga. Daf da tashi muna gaba da ƙiris, sai ƙwallon Mokola ta gangara ta koma bayan layin tsakiya, ɗan wasansu ya bi ta ya ɗauka. Fili ya ɗauki ihu. Ni kaina na miƙe ina cewa, "Busa, Bilkisu, busa mana!" Ba ta busa ba. Mokola suka jefa a kwando, suka cinye mu.

Alhaji Garba ya nufo ta, babbar riga na jan ƙasa. "Ke 'yar nan, da ubanki ne da ya busa!"

Ta rusuna ta ce, "Baba, a yi haƙuri. Ba su suka mayar da ita ba, hannun Nasiru ne ya doke ta. Motar ba juyowa ta yi ba, mu muka tura ta baya."

Aka juya ga Nasiru, mai tsaron bayanmu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na true, Alhaji, gaskiya ne, na taɓa ta."

Gaskiya ɗaci gare ta, mun kuwa sha ta ranar. Amma ni ƙafafun Bilkisu nake kallo. Duk hayaniyar nan ta hagun tana kafe wuri ɗaya, da ta dama take juyawa tana amsa wa kowa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ɗanjuma bai bar gida ba, bai bar garke ba. Abin da ya bari shi ne fili a Sabo inda ɗan unguwa da baƙo suke ƙarƙashin doka ɗaya, na kuma ga wannan gadon da idona. Alhaji Garba ya dubi Bilkisu, ya gyara hula ya ce, "Wannan taurin kan na san mai shi. Asabar mai zuwa ki zo da wuri."

Allah ya haskaka kabarinka, aminina. An cinye mu, ban kuma taɓa jin daɗin wasa kamar wannan ba.