Kafaɗar Abla Luba

Duk wanda ya tashi a layinmu a unguwar Mahjar ta Jidda ya san Luba, in bai san ta da ido ba to ya san ta da haƙarƙarinsa. Tun muna yara ba ta iya doguwar magana ba. Tana da shekara goma sha ɗaya wani yaro, Badr, ya turo ƙaninta daga kan katanga. Ta cafe ƙanin, ta ajiye shi, sannan ta fasa wa Badr hanci da murfin tukunya. Da aka kai ƙara wurin babanta, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, sai ya tambaya ko yaron nasa ya taɓa ƙasa. Aka ce a'a. Ya ce to halas, magana ta ƙare, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ni na fi kowa sanin halinta, don ni ke ɗinka wa yaran da take koyarwa rigunan wasa. Ta taɓa kwaɗa min mari a kan zif ɗin da ya ɓalle, ni kuma na rama da almakashi, da bayansa dai. Washegari ta kawo min tuwo.

Lokacin da aka fara buɗe wa mata wuraren motsa jiki a Jidda, Luba ta samu aikin goge katifu a wani zaure a unguwar Bagdadiyya. Wata Bamisiriya ce ke koya wa 'yan mata abin da ake kira tashji'i, wasan da yara ke rawa a jere, su hau kan juna su yi hasumiya, su wurga ɗaya sama su cafe. Wata rana wata yarinya ta kuɓuce, Luba ta yar da tsumma ta tare ta. Daga nan ta daina goge-goge. Da Bamisiriyar ta koma ƙasarsu, mai zauren ta ba Luba koyarwar, Luba ta cika shi da yaran unguwarmu, suka zama Tsuntsayen Mahjar, ita kuma ta zama Abla Luba, wato Malama Luba.

Koyarwarta ba ta da daɗi. Guntun tiyo ne a hannunta, tana maka shi a katifa, wani lokaci a idon sawun wadda ta yi sanyi. Amma duk hasumiyar da za a ɗaga, Luba na tsaye a bayanta da hannu biyu a buɗe. Shekara shida, ba yarinyar da kanta ya bugi ƙasa. Ba ta da miji, ba ta da mota, wannan kaɗai ne abin alfaharinta a duniya.

Mu kuma iyaye da gwaggonni muna da zaurenmu a waya. Mata arba'in da ɗoriya, babu wadda za ta iya taɓa ɗan yatsan ƙafarta ba tare da ta yi nishi ba, amma kowacce gwana ce. Ranar da Luba ta fitar da ƙa'ima, wato jerin sunayen waɗanda za su shiga gasa da matsayin kowa, ranar girki kan ƙone a gidaje da yawa. Wance ta yi nauyi, wance ƙafarta na rawa, 'yan unguwar Abhur sun ɗauko mai koyarwa daga waje, mu muna nan da mai tiyo.

Bara ƙa'imar gasar Abhur ta faɗa kan 'yan'uwa biyu, Zubaidatu da ƙanwarta Hikima, uwa ɗaya uba ɗaya. Zubaidatu ce uwar Rana, mai shekara goma sha huɗu, faffaɗa mai tsayuwa daram. Hikima ce uwar Hind, 'yar sha biyu, ba nauyi. Luba ta sa Rana a tsakiyar hasumiya, ta sa Hind a can ƙoli, ƙafafunta biyu a kan kafaɗun Rana.

Zubaidatu ta turo mana saƙon murya na minti bakwai. Ta ce a gidansu ƙanwa ba ta zama a kujera in yayarta na kan tabarma. Ta ce tsallake yaro ma hanawa ake yi don kada ya daina tsawo, balle takawa, kuma ga shi nan shekara guda Rana ba ta ƙara ko taƙi ba. Wasu suka yi dariya, amma wallahi rabinmu mun yarda da ita a ciki, don haka aka rene mu.

Ba ta tsaya a waya ba. Ranar Laraba da la'asar ta faɗo zauren ana tsakiyar atisaye, ko abaya ba ta cire ba.

"Ke Luba, 'yata matakala ce? Ƙanwarta za ta tattake ta a gaban jama'a?"

"Yaya Zubaidatu, fita min daga kan katifa da takalmi."

Zubaidatu ta maka mata gorar ruwa ta ƙarfe a goshi. Luba ta murɗe mata hannu ta baya, ta kifa ta a katifa, ta danne da gwiwa. Zubaidatu ta samu babban yatsanta ta gantsara cizo har jini. Yara na kuka, ni ina jan ƙafar wannan ina jan ta waccan, har na sha shuri a ƙirji. Da aka raba su, Luba ta naɗe yatsan da gefen mayafinta ta ce, "Rana kaɗai na yarda ta riƙe min yarinya a can sama. Girma na ba ta, ke ce ba ki gani ba. Ƙa'ima ba ta canzawa. Yalla, kowa wurinta."

Na zaci Zubaidatu za ta cire 'yarta, ba ta cire ba. Ranar gasa, a cikin motar da ta kwashe mu zuwa Abhur, ina kujerar bayansu na ji tana ce wa Rana ƙasa-ƙasa, "In ta ɗora miki ƙafa, ki nuna mata ke ce babba." Na ji da kunnena, na ce a raina surutun uwa ne kawai, na ci gaba da gyara ɗinkin wata riga. Wannan shirun nawa yana ci min rai har yau.

Zauren gasar cike yake da mata. Yaranmu suka yi rawa tsaf, Luba na ƙirga musu daga baya. Biyu suka durƙusa, Rana ta hau cinyoyinsu, aka cilla Hind ta dira a kafaɗunta ta miƙe, hannu sama. Sai Rana ta sauke kafaɗar dama. Kaɗan ta sauke, wanda bai san wasan ba ba zai ma lura ba.

Hind ta taho ta baya, kai a ƙasa. Luba ta shige ƙarƙashinta. Ƙeyar yarinyar ta daki bakin Luba, sauran jikin ya sauka a kafaɗarta ta dama, muka ji ƙas kamar an karya rake. Haƙora biyu suka faɗi a katifa. Luba ta miƙe, jini na zuba a rigarta, ta shafa wuyan Hind da hannun hagu, ta sa ta motsa yatsu. Lafiyarta ƙalau, ƙulu kawai ta yi. Sannan Luba ta juya kan Rana. Kowa ya san abin da zai biyo baya. Ta yunƙura za ta ɗaga hannun dama, hannun ya ƙi tashi, yana reto kawai. Ta kalle shi, ta zube.

Hikima ba ta tambayi kowa ba, ta san yayarta. Ta tsallake layin kujeru biyu, ta kama ɗankunnen Zubaidatu ta fizge har kunnen ya tsage. Zubaidatu ta rafka mata kujerar roba a ka. Masu goyon wannan suka hau masu goyon waccan, takalma na tashi, ni ma na ja gashin wata da har yau ban san laifinta ba. Sai da masu gadi mata shida suka fitar da mu waje, aka soke sunan Tsuntsayen Mahjar daga gasar.

An yi wa Luba aiki sau biyu, an sa ƙarfe. Hannun ba ya wuce ƙirjinta. Mai zauren ta ce ta dawo ta koyar daga kan kujera, a ɗauko wata ta tsaya a baya. Luba ta ce wadda ba za ta iya cafewa ba, ba ta da bakin ce wa 'yar mutane hau. Yaran suka watse. Zubaidatu da Hikima ko a gidan rasuwa ba sa gaisawa.

Na je na gaya wa Luba abin da na ji a mota. Ta ce, "Da kin faɗa min, da na cire Rana a ƙa'ima, uwarta ta zage ni mu wuce wurin. Kin cuce ni, kin kuma cuci yarinyar." Gaskiya ta faɗa.

Yanzu Luba ba ta iya taje kanta. Duk Juma'a bayan azahar Rana kan zo a ɓoye ba da sanin uwarta ba, ta tsaya a bayan Luba ta tsefe mata, ta wanke, ta yi mata kitso. Luba na zaune a ƙasa tana kallon bango. Wata takwas ke nan, ba ta ce mata ta yafe ba, ba ta kuma ce ta daina zuwa ba.